Dawowa Maraɗi daga Jidda da yara ƴan makaranta

Tambaya: Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Jidda. Shekararsa 15 a can, kuɗin iƙamar iyali, wato takardar izinin zama, sun yi masa nauyi, mahaifiyarsa kuma ta tsufa, don haka yana son ya tattaro ya dawo Maraɗi. Yaransa uku duk can aka haife su: mace mai shekara 13 da ta gama aji ɗaya na mutawassiɗ (ƙaramar sakandare), namiji mai shekara 9 da ya gama aji uku na ibtida'i (firamare), sai auta mai shekara 5. Da Larabci suke karatu, Hausarsu ta cikin gida ce, Faransanci kuwa ko harafi ba su sani ba. Yana tambaya wace makaranta zai sa su, a wane aji, kuma yaushe ya kamata su taso.

Amsa: Alhaji, amin wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya babba lafiya, ya sa ka iske ta cikin alheri. Tun da aka ɗora kuɗin nan na wata-wata a kan duk wanda ke ƙarƙashin iƙamar maigida a 2017, suka yi ta hawa har suka kai riyal 400 a kan mutum guda, ban daina ganin iyalai irin naka suna sauka a garin nan ba. Na yi shekara fiye da 30 ina aikin koyarwa a jihar Maraɗi, na riƙe aji, na riƙe makaranta, kuma yaran da suka dawo daga Makka da Libiya da Abijan da Kumasi sun ratsa hannuna da yawa.

Ka fara lissafinka daga babbar. Iyaye sukan fi damuwa da ƙaramin, suna cewa yaya zai yi da zafi, yaya zai yi da tuwo. Auta shi ne mai sauƙi. Ka sa shi jardan, wato ajin share fage, shekara guda, ya shiga CI, ajin farko na firamare, yana da shekara 6 tare da sa'o'insa, waɗanda su ma da Hausa kaɗai suke zuwa lakwal ranar farko. Kafin azumi biyu ba mai gane cewa ba a Bagalam ko Mokoyo aka haife shi ba. Wadda dawowar nan za ta iya karya wa karatu ita ce mai shekara 13, kuma duk shawarar da za ka yanke, ta unguwa ce ko ta watan tasowa ko ta kuɗi, ka auna ta da ita tukuna.

Ga yadda matakan suke a nan. Firamare shekara 6 ce: CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2. Sai kwalej shekara 4, daga 6e zuwa 3e, a rufe da jarrabawar BEPC. Sai lise shekara 3, a rufe da BAC. Jimla 13 ke nan, alhali a Saudiyya 12 ce, shida da uku da uku. Wato shekara ta bakwai da ƴarka ta gama ita ce daidai da 6e a wajenmu. Wataƙila ka ji cewa tun watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Gaskiya ne, kuma mun yi murna. Amma allon ajin kwalej da takardar jarrabawa har yanzu da Faransanci suke magana, kuma da shi za a auna ƴarka.

Shawarata ita ce ta shiga 6e a makarantar faranko-arab, mai koyarwa da Faransanci da Larabci. Ta maimaita shekara guda ke nan a kan abin da ta riga ta sani, hankalinta ya tattaru kan harshe. Irin waɗannan makarantu tsofaffi ne a ƙasar nan, tun madarasar farko da aka buɗe a Say a 1957, gwamnati ta san da su, suna da jarrabawarsu ta ƙasa har zuwa BAC. Amfaninsu gare ta a fili yake. A darasin Larabci da na addini za ta zama ta gaba a aji, makin da za ta ci a can zai ɗaga mata matsakaicin maki yayin da Faransancin ke rarrafe, kuma yarinyar da ake kira ta fito ta gyara wa ƴan aji karatu ba ta ƙin zuwa makaranta. Lissafi da kimiyya kuwa galibi da Faransanci za ta yi su, shi ya sa ba ta da mafita sai ta iya shi. In Allah ya yarda ta yi BEPC tana da shekara 17, BAC tana da 20, kuma ƙofar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan gida, ko Abdou Moumouni a Yamai, ko Jami'ar Musulunci ta Say, duk a buɗe take.

Sai dai ka kiyaye wajen zaɓe. Ba duk allon da aka rubuta faranko-arab a ƙofa ne ke da izinin hukuma ba. Ka tambayi darakta takardar izininsu, ka tambayi ɗalibai nawa suka kai BEPC bara, nawa suka ci. Wasu makarantun Larabcinsu ya yi ƙarfi, Faransancin kuwa sai a hankali, kuma iyaye na yabonsu saboda tarbiyya. Yaranka da Larabcinsu za su zo. Wadda malaman Faransancinta suka fi ƙwari ita ce taku, ko da Larabcinta bai kai na wata ba.

Za a samu wanda zai ce maka tunda ba ta iya karanta Faransanci ba, a mai da ita CM1 ko ƙasa da haka. Kada ka yarda. Akwai yaron da ba na mantawa. Shekararsa 11 aka kawo mana shi daga Makka, ya haddace izu 20, lissafin ka kuwa ya fi ƴan CM1 sauri. Da yake bai san baƙaƙen boko ba, aka ce sai CI, ni ma na sa hannu a kan wannan hukunci, kuma har yau yana ci mini rai. Ya zauna tebur ɗaya da yara ƴan shekara 6, gwiwoyinsa ba su shiga ƙarƙashin teburin. In aka fita hutu sai ya je ya jingina da katanga shi kaɗai, don manyan na yi masa dariya, ƙananan na tsoronsa. Kafin zafi ya shigo ya daina zuwa. Bayan wasu shekaru na gan shi a tasha yana dako, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi irin na wanda aka yi wa tarbiyya, na kasa haɗa ido da shi. Ilimin yaron muka auna da harshen da bai taɓa ji ba, muka ce ba ya da komai.

Ga mace abin ya fi haka haɗari, kuma gara in faɗa maka tun kana can. Yarinyar da ta fara girma, aka zaunar da ita cikin ƙanana, ta fara kawo maki maras kyau, nan da nan za ka ji gwaggo ko inna na cewa karatun nan bai karɓe ta ba, ga wane ya nuna yana so. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa cikin mata 100 a Nijar, 76 an aurar da su kafin shekara 18, kuma jiharmu tana cikin na gaba a wannan lissafi. Ba na zagin kowa, iyayenmu ne. Amma kai da uwar ɗakinka ku tsai da magana guda tun kafin ku hau jirgi, kai kuma ka faɗa wa dangi da bakinka cewa sai ta gama. In suka ji daga gare ka a makon farko, ba za su matsa wa uwarta a bayan idonka ba.

Kuskure na biyu shi ne na uban da ke cewa ƴata aji takwas za ta shiga a can, saboda haka 5e ko 4e nake so, ga kuɗi. Makarantar kuɗi takan karɓa. Sai a yi ta tura yarinya gaba da tausayi har ta isa 3e, BEPC ta tare ta, ta faɗi sau biyu, zuciyarta ta mutu. Shekara gudan da kake jin ƙyashin bayarwa yanzu ta fi waɗannan araha nesa ba kusa ba.

Na tsakiya kuwa CE1 ya dace da shi, shi ma a faranko-arab. Zai gama CM2 yana da shekara 13, ba wanda zai ce ya makara. Ranar da za a gwada su, ka roƙi mushe ya raba gwajin biyu: lissafi a yi masa tambaya da baki, da Hausa ko Larabci, harshe kuma a gwada shi daban. Malamin kirki ba zai ƙi ba.

Maganar lokaci. Rantire, wato komawa makaranta, a nan farkon Oktoba ne, sai in wani abu ya gifta, kamar 2024 da ambaliya ta sa aka ɗaga har ƙarshen watan. Ku bari su gama shekararsu a can, su karɓi sakamako, ku taso a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Wanda ya sauka a Janairu ko Fabrairu ya jefa yaro tsakiyar kogi. Watanni ukun nan na damina su ne jarinka, kada a cinye su da yawon gaishe-gaishe daga Tibiri zuwa Madarumfa. Ka ɗauki malami ya riƙa zuwa gida awa biyu kowace safiya, kwana biyar a mako. Kuma ka nemi wanda ya daɗe yana riƙe CI ko CP, ko da ya yi ritaya. Ɗalibin jami'a ya iya Faransanci, amma koya wa mutum karatu daga tushe sana'a ce daban. Tsohon malamin CI ya san cewa yaron da ya tashi da Larabci zai haɗa p da b, ya haɗa e da i, ya haɗa o da u, kuma wasulan hanci za su ba shi wuya. Ya san hannu sai ya saba da tafiya daga hagu zuwa dama, da rubutun haɗe da ake yi a kan allo, wanda bai yi kama da na cikin littafi ba. Alƙaluman lissafi ma sai an sake saba musu, da yadda ake jera rabawa a takarda, da sunayen lambobi. Yaron da ya san 97 sarai zai tsaya cak in aka ce masa ashirin sau huɗu da goma sha bakwai, don haka Bafaranshe ke faɗarta. Sannan dikte, wato shifta, wadda ita ce ke kā da yara a nan fiye da komai. In da hali ku fara tun a Jidda, ba za ka rasa ɗan Mali ko ɗan Nijar da ya yi lakwal a unguwarku ba. Ko baƙaƙe da gaisuwa da ƙirga kawai suka zo da su, an rage hanya.

Amma watannin da suka fi dacewa da karatu su ne suka fi haɗari ga lafiya, kuma nan nake son ka buɗe kunne. Daga Yuli zuwa Oktoba sauro ke mulki. Yaranka ba su taɓa yin zazzaɓin cizon sauro ba, jininsu bai san shi ba, saboda haka abin da zai kwantar da ɗan maƙwabcinka kwana biyu zai iya kai naka ga suma. Maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna bayarwa duk wata a damina na yara ne ƴan ƙasa da shekara 5, manyan biyu ba sa ciki, auta ma ya riga ya fita. Ka ga likita tun a can a kan maganin kariya na matafiya. Gidan sauro mai magani ga kowane yaro tun daren farko, raga a tagogi, kuma duk zafin jiki a tafi a yi gwajin jini a ranar, ko da dare ne. Kada a tsaya sayen ƙwaya a tebur, kada a ce bari mu gani zuwa safe. Kai da uwar ɗakinka ma shekara 15 sun wanke muku sabon da kuka yi da zazzaɓin. Katin allurar shawara ana neman sa wajen shigowa ƙasa, allurar sanƙarau kuma a tabbata an yi kafin rani. Ruwan sha a tace ko a tafasa a watannin farko.

Takardu kuwa, abin da ba ka karɓa ba kafin a buga maka fita ta ƙarshe, samun sa daga nan wahala ce mai tsawo. Ka karɓi sakamakon kowace shekara na kowane yaro da takardar barin makaranta, a buga musu hatimin hukumar ilimi da na ma'aikatar harkokin waje, ka kai ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Jidda su ma su sa nasu, a fassara zuwa Faransanci. Takardun haihuwa ma ka kai su can a yi musu rajista. Yaranka ƴan Nijar ne ta wajenka, kuma da wannan rajista za ka nemi takardar shaidar ɗan ƙasa a jastis in kun iso. Abin da ya fi ba mu ciwon kai a ofis shi ne suna. A'isha a takardar Larabci, mai fassara ya rubuta Aisha, fasfo ya ce Aïchatou. Muhammad ya koma Mohamed a nan, Mahamadou a can. Ranar haihuwa wata da Hijira, wata da Miladiyya, an juya ta an kuskure kwana guda. Ba mai lura sai shekarar jarrabawa, a dawo da takardun yaro ana saura mako biyu a rufe rajista. Ka zaɓi rubutu guda na sunan kowane yaro da naka da na uwarsu, da ranar Miladiyya guda, ka tsaya a kan mai fassara har ya rubuta haka a ko'ina. In kuma makarantar da suke yi a can ta unguwa ce wadda ba ta da takardar hukuma, kada ka ɓoye. Ka je ansifeksiyo, ofishin masu duba makarantu, ka faɗi gaskiya, a gwada su a ba su aji.

Wajen duba makaranta, zuwa da kai ya fi aike. Ka shiga ajin da za a sa ɗanka ka ƙirga tebura. Na koyar da aji mai yara fiye da 80, na san abin da malami zai iya da wanda ba zai iya ba, kuma yaron da bai jin harshen aji ɓacewa yake yi a cikin irin wannan taro. A makarantun gwamnati akwai malamai ƙwararru da ba ka samun irinsu a na kuɗi, amma cunkoso da yajin aiki na cin lokaci. Ga yaranka, a shekara biyun farko, aji maras yawa ya cancanci kuɗinsa. Ka tambayi jimlar abin da za ka biya a shekara, da rajista da tufafi da littattafai da kuɗin adaidaita, kada ka tsaya ga na wata. Ka duba makewayin ƴan mata da ruwa. Ka duba ko ajin ƙanana gini ne ko rumfar zana. Mu mutanen Maraɗi ba mu manta da gobarar watan Nuwamba na 2021 ba, da ta cinye yara fiye da 20 ƴan shekarun autanka a cikin azuzuwan kara. Allah ya jiƙan su. Ka kuma nemi gida kusa da makarantar, ko a Zariya ne ko Ali Ɗan Sofo ko ina, domin a Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ga ɗaukewar wutar lantarki, kuma yaron da ya sha rana a bayan kabu-kabu sau huɗu a yini ba ya iya bita da dare.

Ka shirya wa babbar zuciyarta a kan abu guda: a can mata zalla ta sani, da malamai mata. A nan mai yiwuwa ta zauna aji ɗaya da maza, namiji na koyarwa. Uwarta ta yi mata bayani tun yanzu. Batun bulala ma ka yi magana da darakta da malamin allo tun ranar farko, cikin girmamawa, cewa yaran nan baƙin harshe ne, rashin amsa ba taurin kai ba ne.

Wani zai ba ka shawarar ka tsallaka da su Katsina su yi karatun Ingilishi a makarantar kwana, tunda kusa ce. Ga yara masu waɗannan shekaru ban goyi baya ba. An rufe iyaka a 2019 fiye da shekara guda, an sake rufewa a 2023 wata da watanni, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya kuma ba kullum hankali ke kwanciya da ita ba. Yaron da aka ciro daga ƙasar da ya sani yana bukatar ya kwana inda uwarsa take.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba a rubuta shi a biltan, wato takardar sakamako. Kai gida za ka dawo, kana ɗokin furar Maraɗi da hirar ƙofar gida. Su kuwa gidansu za su bari, da abokansu da titin da suka sani. A Jidda ana ce musu takari, a nan za a ce musu ƴan Makka, a yi dariyar Hausarsu mai gauraye da Larabci. Ka koya musu gaisuwa irin tamu da durƙuso, da wanda ake ce wa baba da kawu da gwaggo da inna. Ka gaya musu akwai wasan kaka da jika, akwai na taubasai, don kada kakarsu ta ce wa yaron mijina mummuna ya tafi ya yi kuka a ɗaki. In babbar ta ce tana kewar can, kada a ce mata ta raina gida. A bar ta ta kira ƙawayenta, a bar ta ta zo da littattafanta na Larabci, kuma ku ware lokacin da za ta riƙa karanta wa ƙannenta su, domin auta zai zubar da Larabcinsa cikin shekara guda in ba a riƙe masa ba.

Na san da yawa sukan turo iyali gaba, maigida ya tsaya ya ƙara tara abin hannu. In dole ta sa haka, ka ɗora wa mutum ɗaya tak alhakin karatunsu, wanda zai taka zuwa makaranta ya zauna da malami, sunansa na cikin rajista. Abin da aka bar wa dangi gaba ɗaya ba mai ɗaukarsa. Amma in za ka iya, ka kasance a gari daga Yuli har a ba da sakamakon zangon farko.

Sakamakon nan na farko ba zai yi kyau ba. A kwalej a kan 20 ake ba da maki, 10 ce tsira. Kana iya ganin 4 ko 5 a Faransanci a takardar yarinyar da ta saba zuwa ta ɗaya. Kada ka ɗaga murya, kada ka karanta shi a gaban dangi. Ka ɗauki littafin diktenta na Oktoba ka ajiye kusa da na Disamba, ku ƙirga kurakuran tare. In sun ragu, malamin gida ya ci gaba har hutun damina mai zuwa. In ba su ragu ba, ka sauya malamin, ka bar ta a ajinta.

Allah ya kawo ku lafiya. A gaida Hajiya da yaran.